Tabarmar da Gwaggo Ta Kai Ƙofar Gidan Kawu

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu tattara. Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya rasu da hantsi bayan jinyar da ba ta daɗe ba, rasuwar kuma ta faɗo a ranar kasuwar Kibiya. Kafin azahar 'yan albasa sun rufe buhunansu sun bar ciniki, 'yan acaɓa suna ta jigilar mutane zuwa ƙofar gidansa ba su karɓar ko sisi. Matan Fulani da suka kawo nono suka shigo cikin gida da ƙwaryarsu, suka zauna tare da mu. Har waɗanda suka yi takara da shi suka zage shi a kan dandamali na gan su ta tagar zaure, sun sunkuyar da kai. Wani tsoho daga Fammar yana ta faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa yau an yi rashin mai taurin kai, kuma da yabo yake faɗa.

Ana cikin haka sai ga Gwaggo, yayar mahaifina, a bayan babur tun daga Rurum. Tsohuwar da ko masallacin Idi sai an riƙe ta take zuwa, ga ta ta rungume wata tabarma a naɗe, ta ƙi yarda ɗan acaɓa ya ɗaure ta a baya. Baƙin da suka zo daga nesa suka yi ta kallonta, suna zaton rikicin tsufa ne, don gidan ɗan majalisa ba ya rasa abin zama. Mu da muka san tabarmar nan kuwa, ganinta ya sa muka sake fashewa da kuka. Saboda ita na ɗauki alƙalami, don kada a wayi gari jikokinmu su san Kawu da hoto kawai.

Kafin siyasa Kawu malamin gona ne, kuma har ya koma ga Allah bai warke daga wannan ba. Idan ya sauka daga mota a ko'ina, sai ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu, wani lokaci har ya shinshina. Ya sha ɓata babbar riga da haka, matarsa kuwa ta gaji da faɗa ta zuba masa ido. Ranar ɗaurin aurena an ba shi dama ya yi wa ango nasiha, ya fara da haƙuri da zaman lafiya, bai kai ko'ina ba ya karkata zuwa yadda ake haɗa takin gargajiya, sai da Liman ya ja masa hannun riga. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake ce mini, amma hakan bai hana shi yi mini faɗa kamar 'yar goye ba idan na bar masarar bayan gidana ta yi ciyawa. Ba ya zuwa wuri a kan lokaci, ba ya iya gajarta magana, kuma idan ya ƙi abu ya ƙi ke nan. Ban ɓoye wannan ba, don shi ma da yana nan ba zai so a ɓoye ba.

Ya shiga majalisa a shekarun da komai ya tsaya wa mutane a wuya. Taki ya fi ƙarfin talaka, man da ake zuba wa injin ban ruwa ya yi tsada, samari suka dinga watsar da garma suna tafiya birni. Mutane suka yi tsammanin zai zo da buhunan shinkafa ya raba kamar yadda aka saba. Kawu ya ce shi ba zai raba abin da za a cinye kafin sati ya zagayo ba. Ya tsaya kai da fata sai da aka kawo injinan ban ruwa masu amfani da hasken rana, aka gina rumbunan ajiye albasa don manomi ya daina sayarwa a wulaƙance ranar da ya cire, aka gyara hanyar da motocin kaya ke bi zuwa kasuwa. A shekarar farko ba irin zagin da bai sha ba. Suka laƙaba masa Honarabul Taki, shi kuwa ya ji daɗin sunan har yana amsawa. Da rumbunan suka fara cika, waɗanda suka laƙaba masa sunan su ne suka fara kawo masa albasa kyauta, yana mayar musu yana cewa su kai kasuwa.

A wajen zagayen duba noman rani ne ya ci karo da abin da ya cinye sauran rayuwarsa. A fadamar Rurum ya ga gonaki sun yi shar, sai guda ɗaya a tsakiya ta yi fari fat, albasarta kamar an yi mata rowar ruwa. Ya ɗebi ƙasar ya murza, ya tambayi ko ta wace ce. Aka ce ta ɗan Gwaggo ce, taubashina, sojan da aka tura Arewa maso Gabas, wanda tun wani artabu da aka yi a daji ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba a ce ya mutu ba, an dai ce ba a gan shi ba. Ƙanin babansa ne ke noma gonar aro, kuma kowa a nan ya san gonar aro ba a zuba mata takin shanu, ba a dasa mata itace, ba a haƙa mata rijiya, don ba ka san ranar da mai ita zai zo ya karɓa ba. Ba a kuma iya raba ta gado, tunda ba a tabbatar mai ita ya mutu ba. Haka ƙasar ta yi ta tsufa shekara da shekaru, 'ya'yansa biyu suna kallonta suna cin abin da dangi suka tsakura musu.

Kawu ya bincika ya tarar ba ita kaɗai ba ce. Akwai irinta a Fammar, akwai a bayan garin Rano, kowace da matar da ba ta san ko matar aure ce ita ko bazawara ba. Ya zo gidana ran nan ko ruwa bai sha ba, ya ce, "Uwata, ina ta kawo inji, ashe akwai gonar da inji ba zai tayar ba sai an nemo mai ita, a raye ko a mace."

Sai an san Gwaggo za a gane nauyin abin da ya ɗauko. Tun ranar da labari ya zo ta kafa doka a gidanta: ba mai yi mata gaisuwar mutuwa. Wata maƙwabciya ta taɓa kuskure ta ce mata ya haƙuri, Gwaggo ta raka ta har ƙofar gida da muciya a hannu. Mutane suka rasa yadda za su gaishe ta, masu wayo suka koma tambayarta labarin matafiyi, ita kuma ta ce yana hanya. Kafin ya ɓace ya yi mata waya cewa an kusa ba shi hutu, sai ta aika kasuwar Kibiya aka sayo mata sabuwar tabarma mai jan baki, wadda zai zauna a kai ya ci tuwo idan ya iso. Tabarmar nan ta naɗe ta ta saƙale a saman ɗaki. Duk bayan 'yan kwanaki takan sauko da ita ta kakkaɓe ta mayar, kuma ko Liman ya zo gaishe ta ba ta shimfiɗa masa ita. Matar taubashina kuwa, malamai sun sha gaya mata tana da damar zuwa wurin alƙali a warware mata auren. Ta ce ita ba za ta zama wadda ta kashe shi a idon uwarsa ba.

Ni kaina ban so Kawu ya taɓa maganar ba. Taubashina ne, mun tashi muna tsokanar juna, yana ce mini baiwarsa ina ce masa bawana, kuma muddin ba a kawo gawa ba ina iya raya wa kaina cewa wata rana zai shigo ya kwashe mini naman miya kamar yadda ya saba. Na gaya wa Kawu haka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko na lura babban ɗan taubashin nawa ya daina zuwa makaranta. Daga ranar ban sake hana shi ba.

A majalisa ma ba a karɓe shi da hannu biyu ba. Wasu suka ce ana fama da masu rai shi yana neman ƙasusuwa, wasu suka ce ba hurumin malamin gona ba ne. A rediyo muka ji shi ranar da ya tashi ya yi magana, kuma karon farko a rayuwarsa bai yi tsawo ba. Ya ce ƙasar da ta aiki yaro ta san inda ta aike shi, don haka ita ya kamata ta je ta dawo da shi, kuma duk gidan da aka bari cikin jira an rufe masa gona, an rufe masa aure, an rufe masa gado. Daga nan ya shiga bin ofis-ofis. Ya yi zaman benci kamar mai neman aiki, ya koma inda aka ce ya dawo gobe, goben ta zo ya sake komawa. Direbansa ya ce akwai ofishin da masu gadi suka fara ajiye masa kujera saboda sabo. A ƙarshe aka amince a kafa tawagar neman sojojin da suka ɓace, da likitoci da jami'ai, aka sa shi a ciki don sun ga ba za su huta ba.

Lokacin ƙura ta lafa a wancan yankin, mutanen ƙauyukan da suka gudu sun fara komawa. Kawu ya tafi da ciwon sukarinsa da takalmin robarsa. Abin da ya fi ba mu labari bayan ya dawo shi ne wasu dattawa da suka kai su gindin wata tsamiya a bakin rafi. Sun ce bayan artabun, da suka fito daga maɓoya, sun tarar da samari a kwance, ba su san sunan kowa ba. Suka yi musu salla, suka binne su suna fuskantar alƙibla, suka jera duwatsu don kada wurin ya ɓace, kuma duk shekarun gudun hijira suna tuna wa junansu da shi. Kawu ya ce bai taɓa jin kunyar babbar rigarsa ba sai a gaban mutanen nan.

Da labarin za a tono su a dawo da su ya iso gida sai rigima ta tashi ta inda ba mu zata ba. Liman, abokinsa tun suna makarantar allo, ya ce bai yarda ba. Wanda ya faɗi a fagen fama inda ya faɗi ake barinsa, kuma kabari ba rumbun albasa ba ne da za a buɗe a rufe. Kawu ya ce shi ba don ado yake so a ɗauko su ba, akwai masu rai da aka binne tare da su. Suka kai ruwa rana a zauren Liman har almuru, muryoyinsu na fitowa waje, aka tashi baram-baram. Makonni suka shuɗe Kawu yana bin Liman salla, ana sallamewa kowa ya kama gabansa. Ashe Liman bai zauna ba, littattafansa ya koma, ya kuma je Kano ya tambayi na gaba da shi. Wata Juma'a bayan an sauko ya kamo hannun Kawu a gaban jama'a, ya ce malamai sun yi rangwame a mayar da mamaci kusa da danginsa idan akwai maslaha kuma ba za a keta masa alfarma ba. Sharaɗinsa ɗaya, da shi za a je, ya ga yadda za a ɗauko su da idonsa. Kawu ya ce ai dama kujerar gaba tasa ce, Liman ya ce ba zai zauna kusa da mai surutu ba.

Saura Gwaggo. Likitoci sun ce ba za a san wane ne wane ba sai an gwada ƙashin da yawun uwa ko na ɗa. Ana iya ɗaukar na yaran, amma Kawu ya ce ba zai bi ta bayan gida ya kawo wa tsohuwa gawar da ba ta aika a ɗauko ba. Ya ce in raka shi. Muka same ta tana tsince wake a tsakar gida. Ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa, da rigarsa da komai, don ya san ba za a shimfiɗa masa tabarmar ba.

"Malamin gona," in ji ta, don ba ta taɓa ce masa Honarabul ba, "na ji abin da kake yi. Ka zo ka kashe mini ɗa ne?"

"Yaya, ban isa ba. Idan yana raye, gwajin nan ba zai same shi a can ba, in zo in gaya miki da bakina, mu ci gaba da jira tare. Idan kuma yana can, shekarun nan duka baƙi ne ke yi masa addu'a, ke uwarsa ba ki taɓa cewa Allah ya jiƙansa ba."

Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Na zaci muciya za ta ɗauko. Sai ta juya tana kallon jikanta da ke gyaran tayar keke a bakin zaure. Can ta tambaya ko abin da zafi. Aka ce mata 'yar auduga ce a kan tsinke, za a goga a cikin kumatu. Ta goge bakinta da gefen mayafi ta buɗe.

Sakamako ya ɗauki watanni, kuma da ya fito Kawu bai aiko kowa ba, da ƙafarsa ya je ya gaya wa Gwaggo ɗanta na cikinsu. Ranar da aka kawo gawawwakin kuwa ban taɓa ganin irinta ba. Na yi zaton ranar kuka ce, sai ta zama kamar ranar dawowar alhazai. Tun daga mararraba mutane suka yi layi a bakin hanya, manoma suka fito daga fadama da laka a ƙafa, 'yan makarantar da nake koyarwa muka fito da su suka tsaya. 'Yan acaɓa suka sa motocin a tsakiya suna tafiya a hankali, ba mai busa ƙaho, sai kabbara da ke tashi daga wannan gefe ta faɗa wancan. Aka sauke na Rano, aka wuce da na Fammar, aka kawo namu Rurum. Liman ya sauko daga kujerar gaba, ya shaida wa jama'a cewa da idonsa ya ga an naɗe kowa a sabon likkafani cikin mutunci, kuma tunda an riga an yi musu salla a can, addu'a ce ta rage. Sauran da ba 'yan yankinmu ba, har da waɗanda ba addininmu ɗaya ba, Kawu bai huta ba sai da ya ga kowa ya isa garinsu.

Da aka dawo daga maƙabarta, Gwaggo ta shiga ɗaki ta sauko da tabarmar da kanta. Ta shimfiɗa ta a tsakar gida ta zauna a kai, ta miƙe ƙafa. Mata suka cika gidan amma aka rasa mai fara magana, kowa na tuna muciya. Sai ga Kawu ya yi sallama ya shigo, ya durƙusa a bakin tabarmar.

"Yaya, ya haƙuri?"

"Da godiya," in ji Gwaggo. "Allah ya jiƙansa. Hau tabarmar ka zauna, malamin gona, ai kai ka kawo shi."

A nan ne ta yi kukan da ta riƙe shekara da shekaru, muka taya ta, kuma wallahi kukan nan da sauƙi a cikinsa.

Abin da ya biyo baya shi Kawu ya fi so a ba da labari. Liman ya shaida wa matar taubashina cewa takabarta ta daɗe da wucewa ba ta sani ba, don daga ranar rasuwa ake lissafi. Duk da haka ta zauna a ɗaki kwanakin zaman makoki, daga baya ta yi aure a nan cikin Rurum, Gwaggo ce ma ta yi mata turaren wuta. Aka raba gado, gonar ta faɗa hannun yaran, haƙƙin mahaifinsu ya fito, babban ya koma makaranta. Ranar da aka fara kai takin shanu gonar, Kawu ya bar zaman da aka gayyace shi a Kano ya zo ya tsaya a kan kunya yana ba masu amalanke umarni, kamar ba su taɓa ganin kashin shanu ba sai ranar. Ya dasa mangwaro a kusurwar gabas da hannunsa. Bara na je na ga albasar gonar, sai da na tambaya kafin na gane wace ce, don ta saje da na maƙwabta.

Wannan ita ce tabarmar da Gwaggo ta rungumo a kan babur. Da ta sauka, maza suka nuna mata hanyar cikin gida inda mata suke. Ta yi kamar ba ta ji ba, ta ratsa manyan baƙi da dardumansu, ta warware ta a ƙofar zaure daidai inda Kawu yake zama da yamma. Ta dubi Liman, wanda tun safe yake tsaye ya kasa zama, ta ce ya zauna a nan ya karɓi gaisuwar abokinsa. Liman ya zauna, ya rufe fuska da rawani. Sannan ta shigo ciki ta nemi mahaifiyata, ta kama hannunta biyu ta yi mata ya haƙuri, kalmar da ta taɓa korar mutane a kanta.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci kamar yadda ya nema wa 'ya'yan mutane makwanci kusa da iyayensu, ya yafe masa taurin kansa da dogon jawabinsa, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Bayan an tashi daga zaman makoki na kakkaɓe tabarmar na naɗe, na hau babur na kai mata Rurum. Jan bakin ya koɗe, gefe ɗaya ya fara zarewa saboda yawan waɗanda suka zauna a kai. Na same ta a tsakar gida, jikanta na zuba mata albasa a faifai. Na ce ga tabarmarta, in saƙale mata a saman ɗaki inda take? Ta dube ta, ta dube ni.

"Mayar da ita gidansa, 'yar nan, a dinga zama a kai. Ni ba ni da wanda nake jira kuma."